Taragon da Ba a Buɗewa Ta Ciki

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Litinin aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga wani ɗan layin dogo na tarihi da ke can gabashin Landan, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. An tsinci gawa a cikin tarago.

Insifekta Zinatu Uwaisu ko kurɓar shayinta ba ta yi ba ta suri kwat. Shekararta goma sha tara a aikin nan, kuma har yau ba ta ga Litinin ɗin da ta zo mata da alheri ba. Saje Gariba ne ya ja motar, ɗan zangon Kumasi, mutumin da a bakinsa mace da namiji duk "ya" ne. Ta daɗe da haƙura da gyara masa.

Layin mil huɗu ne kacal, ba ya kai kowa ko'ina. Tsofaffi 'yan sa kai ne ke riƙe da shi, suna tono ruɓaɓɓun taragun zamanin da, su kankare, su gyara, ran Asabar su ɗauki yara da iyayensu yawon shan iska. Ba a biyan kowa ko sisi. A cikinsu akwai 'yan mutanenmu, 'ya'yan kwatas ɗin reluwe na Zariya da Kafanchan, waɗanda tsufa ya riska a Landan suka bi warin baƙin mai har ya kawo su nan.

Rumfar gyaran doguwa ce mai bango, ƙofarta ta ƙarfe, taga babu. Can ƙarshenta taragon yake, na katako, yana ƙyalli da sabon banish, man shafe katako. Wata katuwar fanka na ta ruri a bango don ta busar da shi. Sai da Zinatu ta sa aka kashe ta sannan ta ji abin da likita ke faɗa.

Mamacin sunansa Malam Maharazu, shekara saba'in da ɗaya, tsohon kafinta. An same shi a zaune a ƙasa, ya jingina da kujera, takalminsa ɗaya a hannu. Yana da ciwon sukari da na zuciya. Likita ya ce sukarin ne ya faɗi, sanyin Janairu ya ƙarasa, kuma ga alama ya kai kusan asuba da ransa.

Taragon ya kasu ɗaki-ɗaki, kowanne da ƙofarsa. Bayan an fitar da gawar, Zinatu ta shiga ɗakin da ke kusa don ta ga fasalinsa. Gariba, garin matsawa, ya bangaji ƙofar da kafaɗa, ta rufe garam.

Ta kai hannu za ta buɗe, ba ta sami abin kamawa ba. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, katako ne sumul. Ta tura tagar, ko motsi. Ta buga gilashin da tafin hannu, ta ga bakin Gariba yana motsi amma ba ta jin ko kalma. Minti ɗaya bai cika ba, amma wallahi sai da gumi ya tsattsafo mata a wannan sanyin. Da ya buɗe, harara kawai ta ishe shi.

Shugabar layin, wata dattijuwar Baturiya, ta yi mata bayani. Haka ake ƙera su a da, ba mariƙi ta ciki. Fasinja kan ja wata igiyar fata ya sauke taga, ya zura hannu waje ya murɗa. To igiyoyin nan duk an cire su an kai ɗinki, tagogin kuma an ɗaure su da ƙusa kafin a gama shafe. Shi ya sa doka ta ce duk wanda ke aiki a ciki ya tokare ƙofa da guntun katako.

Zinatu ta nemi katakon ɗakin Maharazu. Yana kan kantar rumfar, an ajiye shi daidai wa daida a layin 'yan'uwansa. Ƙofar kuma ba rufewa kawai ta yi ba, an murɗa mata makulli ta waje, irin mai baki huɗu da kowane ɗan sa kai ke rataye da shi a ƙugu. A jikin gilashin ta ciki akwai sawun dunduniyar takalmi, ya fi ashirin.

Ba iska ce ta rufe shi ba ke nan.

A bakin rumfar akwai allo mai ƙusoshi, rabi an rubuta ciki, rabi waje. Kowa yana da ɗan tagulla mai huji da lambarsa, su Maharazu na kiransa kwabo. In ka shiga ka rataye shi a ciki, in ka fito ka mayar waje. Mai kulle rumfa ba ya sa kwaɗo sai ya ga ɓangaren ciki fayau, sannan ya zagaya da ƙafarsa ya tabbatar. Kwabon Maharazu yana waje. Amma rigarsa tana cikin lokarsa, da wayarsa, da katin tube na shiga jirgin ƙasa, da ƙullin dabino da maganinsa.

Mai kullewa jiya shi ne Choji Dachung, tsohon direban bas daga Peckham. Kafin Zinatu ta iso, 'yan sandan farko sun riga sun tafi da shi, don yana ganin gawar ya dafe kai ya ce shi ya kashe shi. An kuma ji shi da Maharazu jiya da rana suna ɗaga wa juna murya. Ga makulli a hannunsa, ga faɗa, ga furuci da bakinsa. Ogan Zinatu ya kira ta ya ce aiki ya yi sauƙi, awa ashirin da huɗu suke da ita, kafin ta cika a shigar da tuhuma.

Ita kuwa duk abin da ya zo da sauƙi, tsoronsa take ji.

Ta tara sauran 'yan sa kai. Jiya Lahadi an yi taron committee ƙarfe huɗu a ginin tasha, tafiyar minti biyar daga rumfar, aka tashi biyar da rabi. Maharazu bai je ba. Hajiya Nimatu, mai ɗinkin kujeru da igiyoyin fata, ta ce ta leƙa allo ta ga kwabonsa a waje, sai ta ɗauka gida ya wuce. Da aka tambaye ta ko ya gaya mata wani abu, ta ce babu, tana kallon zarenta.

Godwin Yakubu, mai gyaran birki, dogo ne siriri, rigar aikinsa a goge kamar mai zuwa coci. Shekara talatin ya yi gadin jirgi tsakanin Kafanchan da Fatakwal. Ya ce shi tun safe yana ƙarƙashin wata wagunu a tsakiyar rumfa, bai je ƙarshen ba, bai taɓa banish ba. Maharazu kuwa abokinsa ne tun suna satar gawayi a tasha. Muryarsa ba ta rawa, amma yana magana yana kallon gefen kunnenta, ba idonta ba. Ta ɗauka kunya ce irin ta manya.

Kafin ta bar rumfar ta koma ga ƙofar taragon da fitila. An shafe ta da banish ranar Asabar, layin burushi duk sama zuwa ƙasa, kamar an ja da ma'auni. Sai a tsakiya, daidai inda mutum zai sa hannu ya tura, akwai wani fili kamar faɗin faranti da ya fi sauran danshi. An sake shafa wurin. A cikinsa kuma ga gashin burushi guda ɗaya, baƙi, ya kwanta a karkace. Ta ɗauki hotonsa.

Da azahar ta isa caji ofis. Tun daga baranda ta ji bugun ƙofa. Mai kula da sel ya ce mutumin nan tun da aka rufe shi bai zauna ba, ya yi amai sau biyu, an kira nas. An so a bar masa ƙofa a buɗe, doka ba ta ba da dama ba.

Aka kawo Choji ɗakin tambaya. Ƙato ne, amma ya zama kamar an sace masa iska. Bai damu da lauya ba, roƙonsa ɗaya, ya zauna kusa da ƙofa. A hankali ta gane dalili. Shekarun baya, lokacin wani rikici a gida, ya kwana uku a cikin silin ɗin maƙwabcinsa, ba ya iya miƙe ƙafa, yana jin ana nemansa a ƙasa. Tun daga nan ko lif ba ya shiga, flat ɗinsa a hawa na tara yake kuma da ƙafa yake hawa.

"Ranki ya daɗe, kawo takardar in sa hannu," ya ce. "Ko me kuka rubuta. Sun ce in na amsa za a iya ba ni bail."

"Baba, in ka amsa wannan, ɗakin da za a kai ka ba na kwana ɗaya ba ne. Kai ka murɗa makullin taragon?"

"A'a."

"Kai ka mayar da kwabonsa waje?"

"A'a."

"To da me ka kashe shi?"

Da safe ya gaya wa 'yan sanda cewa ya zagaya rumfar kafin ya kulle. Yanzu ya sunkuyar da kai ya ce ƙarya ya yi. Gwiwarsa na ciwo, duhu ya fara, jirgin Overground zai tafi ya bar shi. Ya dubi allo ya ga fayau, ya sa kwaɗo. Faɗan da aka ji kuwa a kan launin fentin rufi ne, faɗan da suke yi duk mako tun shekara shida, su gama su sha shayi a kofi ɗaya.

Ta tambaye shi wa ya fara ganin gawar. Ya ce Godwin. Da ya zo buɗewa ƙarfe bakwai da rabi ya tarar da shi tsaye a bakin ƙofa cikin sanyi, wai ya manta lemarsa.

"Yana zuwa ran Litinin?"

"Bai taɓa ba."

Ta tura masa wayarta, hoton gashin nan a buɗe. Choji ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ta ga lokacin da ya gane, don numfashinsa ya tsaya. Sannan ya ture wayar ya ce shi bai san komai a kan burushi ba, shi direba ne.

Abin ya ba ta haushi, ya kuma ba ta tausayi. Ga mutum ana shirin mayar da shi inda yake ganin mutuwarsa, ga ƙofar fita an nuna masa, ya ƙi bi don kada ya taka wani. Da aka zo tafiya da shi sai da ya riƙe bakin ƙofa da hannu biyu. Bai yi ihu ba. Ya dai ce mata, a hankali, ta yi sauri.

A mota ta tambayi Gariba ko ya ga lema a rumfar. Ya ce ya duba lokar Godwin, ba lema, ba alamarta.

"Kuma wancan Hajiya, ya san wani abu," in ji shi. "Da kin tambaye shi, allura ya soke shi a yatsa, bai ce wash ba."

Suka sami Hajiya Nimatu a ɗan ɗakin ɗinki bayan tasha, ta tasa igiyoyin fata guda takwas a gaba tana kallo. Zinatu ta gaishe ta, ta yi mata ta'aziyya, sannan ta gaya mata halin da Choji ke ciki, ba ta rage komai ba. Hajiya ta cire tabarau ta share ido da bakin mayafi.

Ta fara da burushi. A rumfar nan, in ji ta, ka ari kuɗin mutum, ka ari motarsa, amma ba ka taɓa burushinsa. Kowa nasa na rataye a kwalbar mai da sunansa. Duk farare ne, odarsu ake yi tare. Baƙi guda ɗaya ne, tsoho, wanda Godwin ya zo da shi daga Kafanchan, na babansa.

"Amma 'yata, ba gashin ne abin dubawa ba," ta ce. "Gashi yana zuba wa kowa. Sai dai babu mai ido a cikinmu da zai gan shi ya bar shi ya bushe a jikin ƙofa. Da bakin allura ake cirewa, nan take."

Daga nan sauran ya fito. Sau biyu a watan nan Maharazu yana tarar da ƙusar birki da Godwin ya ɗaura ba a sa mata makari ba. Da jirgi ya tashi a haka, ƙusar za ta zame a hanya, kuma yara ne ke cika taragun nan. Maharazu ya gyara a ɓoye, ya ja abokinsa gefe. Ashe idon Godwin ne ke mutuwa ta tsakiya, gefe-gefe kawai yake gani, shekara guda ke nan yana ɓoyewa, da lalube yake aiki. Maharazu ya ba shi zuwa ranar taro ya ajiye aikin da bakinsa, in ba haka ba shi zai faɗa.

"Me ya hana ki gaya mini da safe, Hajiya?"

"Amana ya ba ni. Ya ce ko bayan ransa kada in tona wa Godwin asiri. Ban san bayan ran nasa jibi ba ne."

Ta ƙara da cewa Godwin ba shi da kowa. Matarsa ta rasu, 'ya'yan suna Kanada, ɗaki ɗaya yake haya a Barking, tagarsa na kallon bango. In aka raba shi da rumfar nan, an gama da shi.

Zinatu ta je inda kwalaben suke. Man da ke cikin kowacce ya kwanta garau, ban da guda. Ta Godwin ta yi gauraye, burushin kuma da aka ɗaga yana ɗigar sabon banish. Gariba ya sa shi a leda.

Ƙarfe huɗu saura ta aika a kira Godwin. Bai tafi gida ba, yana zaune a bencin tasha tun safe, hannuwansa a kan gwiwa. Ya biyo Gariba har ƙarshen rumfar, yana tafiya tsaf, yana kauce wa kowane ƙarfe ba tare da ya duba ƙasa ba. Wurin a kansa yake.

Ta tsayar da shi gaban ƙofar, ta haska fitila.

"Baba, kai ka san aikin nan. Duba mini ƙofar nan, akwai aibu?"

Ya karkata kai, ya duba ta gefen ido. "Babu. Aikin Maharazu ne, ba ya aibu."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Taɓa tsakiyar."

Ya ɗaga hannu, ya bi katakon da bayan yatsunsa, a hankali, yadda masu shafe ke yi. Yatsun suka zo kan gashin suka tsaya. Ya koma baya, ya sake bi. Sannan ya sauke hannun.

Gariba ya karanta masa haƙƙinsa da Turanci. Godwin ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, ba ya son lauya tukuna. Ya nemi wurin zama, aka jawo masa akwatin kayan aiki.

Ya ce ƙarfe huɗu saura kwata ya zo ya roƙi Maharazu a karo na ƙarshe. Ya ce masa ya ba shi zuwa bazara. Maharazu yana durƙushe yana goge ƙafar kujera, ya ce ba zai iya ba, in yaro ɗaya ya ji ciwo me za su gaya wa Allah. Ko ɗagowa bai yi ba. Godwin ya fito, ya zare katakon, ya tura ƙofar, ya murɗa makulli.

"Awa biyu kawai nake so. A yi taro a tashi, committee ba ya sake zama sai bayan wata uku. In buɗe shi, ya zage ni, in durƙusa masa. Mun saba."

"Kwabon fa?"

"Don kada a zo nemansa."

"Banish ɗin?"

Nan ne muryarsa ta karye. Ya ce da ya tura ƙofar ya ji tafinsa ya kama, ya san ya bar sawu a kai. Ba don ya ɓoye ba ne, wallahi tunanin 'yan sanda bai zo masa ba. Shafa bakwai Maharazu ya yi wa ƙofar nan, kowace sai ta kwana biyu ana jira. Ya ga ba zai iya tafiya ya bar ta a lalace ba. Ya ɗauko burushinsa ya tsaya yana gyarawa.

"Yana ciki yana buga gilashi, kai kana waje kana shafa," in ji Zinatu.

"Ba na ganin fuskarsa. Tsakiya ba na gani. Ina jin bugun a hannuna."

Zinatu ta yi tambayoyi a ɗakuna da yawa, ta ji abubuwan da suka fi wannan muni, amma wannan ya fi damunta. Ta tambaye shi abin da ya rage, me ya sa bai buɗe shi bayan taro ba.

Ya ce ya yi niyya. An tashi, ya nufo rumfar, sai ga Choji a bayansa da kwaɗo, ga shugabar layin, ga wasu mutum uku suna hira. In ya ce a tsaya, sai ya faɗi dalili a gabansu. Ya buɗe baki, abin ya ƙi fita. Ya ce a ransa bari su matsa. Ba su matsa ba. Ya ce to dare ɗaya ne, akwai kujera, Maharazu mai ƙarfi ne, da sassafe zai zo. Bai tuna rigar tana loka ba sai da ya isa Barking, kuma ko a lokacin waya na hannunsa. Ya ɗaga ta ya ajiye ya fi sau goma.

"Choji ya tambaye ni," ya ce. "Yana riƙe da kwaɗon ya juyo ya ce, Godwin, kai ka fito ƙarshe, kowa ya fita? Na ce kowa. Ni na riƙe masa jakarsa ya kulle."

"Ka san inda yake tun safe?"

"Na sani."

"Ka san abin da rufaffen ɗaki ke yi masa?"

"Na fi kowa sani."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ya miƙe da kansa, ya kwance makullin ƙugunsa ya miƙa wa Gariba, ya miƙo hannuwa. Gariba ya dubi Insifekta, ta girgiza kai, ba a sa ankwa ba. Saje ya kama shi ta gwiwar hannu, don daga bakin rumfar zuwa mota hanya ce da bai haddace ba.

Ƙarfe shida aka gama takardu. Zinatu da kanta ta karɓi makulli ta buɗe sel ɗin Choji. Yana tsaye, goshinsa a jikin ƙofar, har ya kusa faɗowa kanta. Ba ta tsaya bayani a ciki ba, ta ja shi suka fita har farfajiyar da ake ajiye motoci. Ya tsaya cikin yayyafi ba hula, yana jan iska da baki.

A lokacin ne Gariba ya fito da Godwin daga mota. Tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Godwin ya karkata kai, ya gane shi ta gefen ido, ya kira sunansa sau ɗaya. Choji ya kawar da kai. Aka shige da Godwin, ƙofar ƙarfe ta rufe.

Zinatu ta gaya wa Choji an janye zargin kisa, za a kai shi Peckham a mota. Ta ce ba shi ya rufe taragon ba, ba shi ya taɓa allo ba, an yi masa ƙarya ne ya yarda. Ya gyaɗa kai yana sauraro kamar labarin wani ake ba shi.

"Ranki ya daɗe, abu ɗaya. Likita ya faɗi lokacin?"

"Ya faɗa."

"Da na zagaya jiya kafin in kulle, da na same shi da rai?"

Ta so ta ce ba a sani ba. Kalmar tana bakinta, kuma babu wanda zai kama ta. Amma mutumin nan ya sha ƙaryar aboki jiya, ba za ta ƙara masa da tata ba.

"Da ka same shi, Baba."

Choji ya share ruwan da ke fuskarsa. Ya yi mata godiya, ya ce a bar motar, da ƙafa zai tafi.